Barsim a Cikin Tsohuwar Ciyawa

Nabawiyya na gaban tanda, hannu duk ƙullin burodi, sai ta jiyo kukan saniyarta daga bakin gona. Wani irin gurnani ne mai shaƙewa wanda ba ta taɓa ji ba. Ta leƙa turke, wayam. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Sati shida ke nan tana gudun wannan rana. Ɗan filin kiwonsu da ke bakin magudanar ruwa ya tsufa, ciyawar ta zama kamar tsintsiya, nono ya ja baya. Mijinta yana can Iskandariyya wurin aikin gini, babu mai nome mata. Sai ta bari saniyar ta cinye rabin filin ƙarƙaf, ta karce ƙasar da manjagara, ta watsa irin barsim, wani ganyen kiwo mai ƙara nono, a tsakanin tsohuwar ciyawa, ta sako ruwa. Kuma ya yi kyau, wallahi, ganye luf-luf har ƙwauri. Amma ba ta gaya wa surukinta ba. A wurin Baba Abdul-Aɗi, shukar da garma ba ta riga ta ba wasan banza ce, in kuwa ya fara faɗa sai la'asar.

To ga inda ɓoyon ya kai ta. Tsoho ga yanar ido, kore duk kore ne a wurinsa. Ya ga tana fama da tanda, ya ce bari ya rage mata aiki. Ya ja saniya da sassafe, ko ƙaiƙayi ba a ba ta ba, ya ɗaure ta a tsakiyar ɗanyen barsim, raɓa sharkaf. Ko wawan ƙauyen ya san barsim mai raɓa a cikin da babu komai ajali ne.

Ta tarar da ita a tsaye, ƙafafu a wawware, harshe waje, gefen hagu ya kumbura tim kamar ganga. Tsohon na ta zagaye ta yana shafawa.

"'Yar nan, me ya same ta? Nan fa take kiwo tun tana maraƙa!"

"Barsim ne, Baba. Ni na watsa."

Ya ci gaba da shafa saniyar. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ta ruga gida ta ɗauko man girki, ta ɗaga kan saniyar ta ɗura mata, ya dawo ta gefen baki. Likitan dabbobi yana can birni, kafin ya zo an gama komai. Saniyar ta yi tangaɗi, ta durƙusa, ta kife.

Shahata mahauci kuwa ba sai an aika masa ba, ihun mata ya ishe shi. Sai ga shi a kan jakinsa, wuƙa a naɗe cikin tsumma.

Ya dubi Nabawiyya. "Uwar Ashraf, ki ce in yanka. Nan da minti biyar mushe ce, kin yi biyu babu."

"Kai dai ba ka ganin dabba sai a rataye!"

"Ni na kai ta barsim? Baba, ka yi magana mana."

Tsohon ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin surukarsa. "Ita ke tatsa. Ita za ta faɗa."

Tsoro ya kama Nabawiyya har cikin ƙashi. Wannan saniya ita ce cukun da take kaiwa kasuwa, ita ce nonon 'ya'yanta, babu wata. In aka yanka an tsira da nama. In ta jira ta mutu, sai dai karnuka. Sau ɗaya tak ta taɓa ganin mahaifinta ya huda cikin wani bijimi da ya kumbura haka, tana ƙarama, kuma ta kasa tuna ko bijimin ya tashi.

"Ba ni wuƙar," ta ce wa Shahata.

"Ke? Kin haukace?"

Ta fizge. Ta lalubi haƙarƙarin ƙarshe na hagu, ta auna faɗin tafinta a bayansa, inda fatar ta fi ɗaurewa. Ta yi bisimilla ta caka. Ɗan kumfa ya tsirto, ya tsaya. Idon saniyar ya fara juyewa.

"Innalillahi! Na kashe ta, Baba, na kashe ta!"

"Ƙara buɗawa, mata!" Shahata ya daka mata tsawa, ya manta da cinikinsa. "Murɗa wuƙar!"

Ta rufe ido ta murɗa. Koren kumfa ya yi tsartuwa ya wanke mata fuska da ƙirji, wari kamar an buɗe masai. Cikin ya fara saɓewa a hankali. Saniyar ta ja wani dogon numfashi, ta sake ja, can ta ɗaga kai ta kaɗa kunne.

Nabawiyya ta zube a cikin taɓo. Shahata ya miƙo hannu a ba shi wuƙarsa, ta so ta ba shi, yatsun suka ƙi buɗewa. Sai da Baba Abdul-Aɗi ya durƙusa da ƙyar, ya lalubo hannunta, yana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

"Saki, 'yata," in ji shi. "Saki, tana numfashi. Ina jin ta."