Tela da Tukunyar Maimuna

"Ja zaren, Malam Hamman! A hankali!"

Na ja. Murfin tukunya ya zame ya faɗi, Sale yana ɗauka da wayarsa, yana dariya yana tari. Ni mai 'ya'ya biyar, ga ni tsugune bayan turmi da zaren kamun kifi da ya samo a Bagauda, ina addu'ar kada ɗayansu ya leƙo ya gan ni.

Sale tela ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Kiru. Tun da ya yi wa matarsa Maimuna saki ɗaya ta koma gidansu a Ba'awa, ya bar ɗinki, wai fim ɗin ban tsoro zai yi. Labarin wani mutum ne da matarsa ta tafi, sai kayan girkinta suka fara motsi da kansu. Shi ne mijin, shi ne darakta.

"Ka bar shirmen nan ka je biko," na ce masa. "Idda ba ta jiran fim."

"Bari in gama tukuna."

Bai gama ba. Tarin ya kwantar da shi, asibiti suka sallamo shi ba da labari mai daɗi ba. Matata ta ce iddar ba za ta wuce mako ba. Na sa wayarsa a aljihu, na hau acaɓa zuwa Ba'awa.

A zauren babanta Maimuna ta kalli abin da muka ɗauka. Ko gezau ba ta yi ba.

"Tukunyata ce wannan. Ko wanke ta bai yi ba."

Sai aka zo inda mijin ya durƙusa gaban tukunyar yana cewa ya yi kuskure, a dawo.

"Tukunya yake iya gaya wa," ta ce, ta shiga ciki neman izinin babanta ta biyo ni.

Muka sami Sale kwance, ya rame ƙwarai. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Tela, fim ɗinka ba ya ba da tsoro. Ana ganin zaren."

"Laifin Malam Hamman ne."

"To, gaya mini abin da ka gaya wa tukunya."

Ya dube ni. "Kira mini Ismail mai shago."

Da Ismail ya shigo, Sale ya yunƙura ya jingina da bango. "Ku shaida, na mayar da matata." Ya juya gare ta. "Na yi kuskure, Maimuna."

"Ai na gani," ta ce, ta gyara masa matashi.

Kwana uku tana jinyarsa. Ranar Alhamis bayan Azahar ya cika. Allah ya jiƙansa.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga ɗauko tabarmin zaman makoki. Na hango Maimuna a ɗakinsa cikin mata, za ta fara takaba. Ta cire ɗan kunne ɗaya, ta cire ɗayan, ta ƙulle su a gefen zaninta.