Kafaɗar Yaya

Shekara tara ina aiki a ɗakin bayan wani kantin magani, ni ke dama man zafi. Sinadarinsa daga ganyen wani ɗan tsiro ake samo shi: a jiƙa ganyen, a turara, a tace man. Maigidana, mai kantin, ya ce dangin asfirin ne. Kaɗan nake zubawa a babbar roba, amma ƙamshin sai ya bi ni har gida. Yayana, direban babbar mota, yakan ce ko ɓata na yi, hanci zai nemo ni.

Wata Talata ya leƙo ta ƙofar baya yana murza kafaɗarsa ta hagu.

"Auta, ba ni mai ƙarfin nan. Sitiyari ya cinye mini kafaɗa."

"Yaya, ka je asibiti a duba ka mana."

"Ga likita a gida, in tafi bin layi?"

Gaskiya maganar ta yi mini daɗi. Na zaunar da shi a benci na shafa masa da hannuna. Fatar ta ɗau zafi, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce ya ji sakayau. Na ba shi kwalba biyu.

Sau uku yana dawowa. A zuwan ƙarshe ya ce ciwon yana sauka har hannu, wani lokacin ya hau muƙamuƙi, kuma in ya hau bene sai gumi ya karyo masa. Maigida yana gaban kanti yana sallamar mutane, taku goma tsakaninmu. Ban kira shi ba. Na ce wa Yaya tsufa ne ya kama shi, muka yi dariya.

Bayan kwana shida ya yanke jiki ya faɗi a wurin lodi, da hantsi. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ta ce zuciya ce, ta tambayi ko ya taɓa kukan wani ciwo.

Matarsa ta ce, "Wata biyu yana fama da kafaɗa. Amma ƙanwarsa na kula da shi, ba ta taɓa barinsa babu magani ba."

Yabona take yi. Likitar ta dube ni, ta mayar da idonta kan takarda.

Da na koma aiki na zayyane wa maigida komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Man nan a fata yake tsayawa," ya ce. "Ciwon zuciya kan ɓuya a kafaɗa. Da kin kira ni." Sai kuma ya ce, "Yi haƙuri, bai kamata in faɗi haka ba."

Matar Yaya ta koma gidan iyayenta da yara uku. Duk Asabar ina zuwa, ta rungume ni, ta shimfiɗa mini tabarma. Har yau ban gaya mata ba.