Yantar Ɗakin Namadi

"To, saura wa?" in ji Malami, magatakardan ƙungiyarmu, yana duban mu ɗai-ɗai. "Akwai ɗakin da ke son baibaya kahin ruwa ya sauka?"

Ran Juma'a ce bayan la'asar, shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Muna gindin tsamiyar bakin kasuwar Bagudo, inda muke zama kowane mako. Aikinmu yasar rijiya, gina kabari, da baibaye ɗakin wanda ƙarfinsa ya kasa. Doka guda gare mu, kuma ni, Bunyaminu, shugaba, na kafa ta: mutum ba ya roƙa wa kansa, maƙwabcinsa ke faɗin sunansa. Na yi haka ne don kada mabuƙaci ya zubar da mutuncinsa gaban jama'a.

Namadi na gefen tabarma yana murza igiya, yana tari. Danga guda ta raba gidana da nasa. Daga ƙasar Dendi ya ƙetaro, can ɓangaren Dahome, ba shi da kowa nan sai matarsa Barira. Rabin jinkunan unguwarmu aikin hannunsa ne. Tasa kuwa, daga tsakar gidana ina hangen karare tsirara inda ciyawa ta zube.

Ban faɗi sunansa ba. Makon da ya wuce anka baibaye ɗakin ƙanen matata, sai Hamma mahauci ya ce, "Shugaba, ƙungiyag ga ta gari ce ko ta ƙohwar gidanka?" Anka yi dariya, maganar ta yi mini zafi. Na ce a raina bari a ƙara mako biyu, kada a ce daga suruki sai maƙwabci.

"Tunda babu," in ji Malami, "ga wata magana. Babban baƙo na tahe daga Birnin Kebbi ran Litinin, shi ga aikinmu. A yi mai rumhwa da yantar da ta rage."

Naɗi shida ne na saƙaƙƙiyar ciyawa, daidai ɗaki guda.

"Wa ka ɗaure ta?" in ji Malami.

"Ni," in ji Namadi.

Da munka tashi, tare munka kama hanyar gida. Ya dubi gabas.

"Malam Bunyaminu, hadari na haɗuwa."

"Na gani."

"To," ya ce, ya shige gidansa.

Ran Asabar ya gama rumfar. Ran Lahadi ruwa ya sauko, bai ɗauke ba sai Talata. Baƙon ma bai zo ba, hanya ta yanke.

Talatar da safe Barira ta yi magana ta bayan danga. "Baban Jummai, ko za ka leƙo maƙwabcinka?"

Na shiga. Daɓen ɗakin ya zama taɓo. Ƙwarya nan, tukunya can, har akushin tuwonsa an tara wa yoyo. Namadi na kan gado, an jingina zana bisa kansa, ita ma ta jiƙe. Ƙirjinsa na ƙugi.

"Don mi ba ki kira ni tun shekaranjiya ba?" na ce mata da faɗa, don faɗan kaɗai na iya.

"Shi ya hana. Ya ce kun san da shi, lokacinai ne bai zo ba."

Namadi ya buɗe ido. "Rumhwar ta tsaya?"

"Ta tsaya."

"Ba ta yoyo?"

"Ko ɗigo."

"Madalla. Kada a ce ƙungiyarmu ta ji kunya."

Na goya shi zuwa zaurena, anka hura wuta, anka dafa masa citta da kanumfari. Ran Laraba da hantsi ya cika. Mu munka gina kabarinsa, wannan aikin kam ba mu makara ba.

Ran Juma'a a cikin rumfar munka zauna, ƙasanta busasshe ƙayau.

"Saura wa?" in ji Malami, murya ƙasa-ƙasa.

Na miƙe. "Namadi."

Hamma ya sunkuyar da kai. "Shugaba, ni wallahi wasa nike rannan."

"Ba kai ne maƙwabcinai ba, Hamma. Ni ne. Ku tashi."

Munka kwance rumfar, munka ɗauki yantar a kai har gidansa. Barira na takaba a bayan rumbu. Ruwan sha kawai ta ajiye mana a bakin danga. Mu goma sha shida, babu wanda ya iya ɗaurin Namadi. Muna kwancewa muna sake ɗaurewa har rana ta karkata.

Ni anka bari cikin ɗaki ina nuna musu inda ke da kafa. Ƙoren na nan yadda Barira ta jera su. Duk yantar da anka shimfiɗa, sai wani ɗigon rana ya ɓace daga daɓe. Na ƙarshen cikin akushinsa yake, bisa ruwan da ba wanda ya zubar. Na tsaya ina duban sa har Hamma ya rufe wurin.