Hannun da ke Wanke Inna

Duk wanda ya san Malama ya san ta da faɗa a kan haƙƙin talaka. Shekara goma sha tara tana koyar da zamantakewa a sakandare, kuma a kwamitin unguwa ita ce mace ɗaya tilo, ita ce kuma wadda maza huɗun da ke cikinsa ke shakkar bakinta. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinta, shi ma a cikin gidanta yake. Tun da ɓarin jikin mahaifiyarta Inna ya shanye, tsohuwar ba ta iya tashi zuwa banɗaki, Malama kuwa ko ƙofar ɗakin ta buɗe da safe sai zuciyarta ta tashi. Tana son uwarta, wannan ba a magana, amma hancinta bai san uwa ba.

Shi ya sa ta ɗauki wata mata aiki. Inna ce ta raɗa mata Sannu-Sannu, don ko juya ta za ta yi, ko goge mata baya, bakinta ba ya rabuwa da kalmar. Kullum da sassafe za ta zo ta cire ledar gado, ta wanke tsohuwa tas, ta shafa mata mai, ta ba ta shayi da cokali suna hira kamar ƙawaye. Wata takwas ana haka, Malama ba ta taɓa tambayarta inda take kwana ba.

Ranar da aka tone titin gaban makaranta, dole ta zaga ta bayan layinsu, ta gefen kangon da masu tsintar robobi suka kafa bukkoki na kwano da kwali. Nan ta gan ta. Sannu-Sannu na tsugune a tsakiyar buhuna, ta zura hannu har gwiwa cikin shara mai ruwa-ruwa tana zaro kwalabe, ƙudaje sun yi mata rumfa. Ta ɓamɓare wani ƙazamin kunzugun jariri daga jikin roba ta yar, ta goge hannu a zani, ta gutsuri burodi ta kai baki. Da ta hango Malama sai ta washe haƙora ta ɗaga mata wannan hannun.

Malama ba ta ci abinci ba ranar. Washegari ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yatsun nan riƙe da haɓar Inna. Ta ga an wanke su da sabulu har sau biyu, da idonta ta gani, amma tsigar jikinta ta ƙi kwanciya. Bayan matar ta tafi, ta jawo durowa ta ƙirga cokula. Suna nan cif, kuma abin mamaki, sai ta ji haushin cikarsu.

A makon ne Mai Kemis ya kawo takarda gaban kwamiti, yana so a rubuta wa hukuma ta tashi mutanen kango. Aka zauna a barandar Ciyaman bayan la'asar, iska na kaɗo warin bola jefi-jefi.

"Ɓarayi ne," in ji Mai Kemis. "Mutumin da zai iya kwana a cikin wannan ƙazanta, me kuma zai ji kunyar aikatawa?"

Tela ya ajiye tabaransa. "To, me aka sace maka?"

"Sai na jira an sata?"

"Sharar da suke tonawa fa tamu ce," in ji Tela. "Daga gidajenmu take fita. Kafin su zo, kwalbatin nan kullum a toshe yake."

Kafinta ya bi bayan Tela, Ciyaman ya bi bayan Mai Kemis. Biyu da biyu ke nan, sai duk suka juyo wajen Malama. Tela har ya fara murmushi, don ya san inda ta saba tsayawa. Ita ma ta sani. Ta buɗe baki da niyyar faɗin abin da take koya wa ɗalibai, sai iskar ta sake kaɗowa, ta ga hannun nan yana kai burodi baki.

"Tausayi daban, tsari daban," in ji ta. "Akwai yara a unguwar nan, akwai marasa lafiya. Mutanen da ba su damu da jikinsu ba, ban ga yadda za su damu da doka ba."

Maganar ta fito a jere, gwanin daɗi, har ita kanta ta yarda da ita. Tela ya daɗe yana kallonta.

"Malama, ke ce kuwa?"

Ta karɓi biro ta sa hannu.

Kwana tara bayan nan motar hukuma ta zo. Da safen Sannu-Sannu ta shigo a kan lokacinta, ta wanke Inna, ta canja shimfiɗa, sannan ta tsaya a falo da ƙullin kayanta.

"Malama, an ce mu tashi kafin azahar. Inda za mu koma da nisa, ba zan iya zuwa kullum ba." Ta gyara ƙullin. "Tela ya ce har da hannunki a takardar. Na ce masa ƙarya yake yi."

Matar ta jira kaɗan, ta kalli fuskar Malama, ta gane.

"To, ba komai. Ki riƙa juya ta ta ɓangaren hagu, ƙugun dama ya fara ja. Kuma ruwan kada ya yi zafi."

Washegari Malama ta sa safar hannu biyu-biyu, ta ɗauki baho ta shiga ɗakin. Ta yaye bargo. Ta kau da kai, ta cije, ta ci gaba da gogewa da sauri-sauri kamar mai wanke tukunyar da ta ƙone. Kunya ta kama ta, ga tsoro, don ta san gobe ma haka ne, jibi ma haka. Sai da aka kusa gamawa Inna ta yi magana. Idonta ɗaya mai lafiya yana kan fuskar 'yarta, hawaye na gangarowa cikin kunnenta.

"Ina Sannu-Sannu?"

"Ta yi tafiya, Inna. Ni zan riƙa yi miki."

Tsohuwar ta ja zani da hannunta mai motsi, tana ƙoƙarin rufe jikinta.

"Ki nemo min ita, 'yar nan," in ji ta a hankali. "Ita ba ta riƙe numfashi in ta zo kusa da ni."