Madannin da ban taɓa dannawa ba

Ranar Laraba da hantsi Yaya ta buga tafin hannunta a kan tebur, har allurai suka yi tsalle daga cikin gwangwani.

"Ta sake mutuwa! Hawainiya, zo ka ga masifar da ka ɗora mana."

Hawainiya ni ne. Ita ta laƙa mini sunan tun ina ƙarami, wai kafin in ɗaga ƙafa ɗaya an je an dawo. Shagon surfani nata ne, ni kuma nake kula da injin da kwamfutar da ke tura masa zane. Injin tsoho ne, manhajarsa ba ta yarda da kowace kwamfuta sai irin ta da. Da tsohuwar kwamfutarmu ta ƙone, sai na samo wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar a cikin sabuwa, manhajar injin ta shiga ta zauna tana zaton gidansu ne. Ni manhajar kwaikwayon nan ba ta taɓa yi mini gardama ba. Yaya kuwa, a yini sai ta mutu mata sau biyar. In ta mutu, injin ya tsaya cak a tsakiyar yadi, zare ya cukurkuɗe ta ƙasa, bajon da ake ɗinkawa ya tashi aiki.

Ta ɗaga rigar makarantar da ta lalace ta kusa goga mini a hanci.

"Ta goma sha ɗaya ke nan. Na yi magana da dillali, jibi ƙarfe huɗu zai zo ya kwashe injin. In koma ɗinkina na keke in huta. Kai kuma ka san inda za ka nufa."

Ko wuyan riga ban iya yankawa ba, makaranta kuma a aji uku na tsaya. In injin nan ya fita daga ƙofar shagon, to tare za mu fita.

Na canja wayar da ke haɗa injin da kwamfutar. Na buɗe kwamfutar na hure ƙura. Na goge manhajar na sake sakawa. Sannan na zauna yini da rabi ina buɗe zane ina rufewa, ya fi sau ɗari, ko tari ba ta yi ba.

"Yaya, ni dai ban ga komai ba."

"Au, ƙarya nake yi ke nan? Ko tsoronka take ji?"

Ranar da dillali zai zo, bayan azahar, na haƙura. Na ja kujerar roba na zauna a bayanta, ba don komai ba sai don ƙafafuna sun gaji. Injin yana ta ƙarar ɗinki, ita kuma tana neman zanen da zai biyo baya. Ta zaɓi ɗaya. Koren layin da ke nuna ana ɗauko shi daga faifan ajiyar kwamfutar ya fara rarrafe a kan allo. Ta yi tsaki.

"Ba wannan ba."

Ta kai yatsa ta danna. Allo ya yi ɗif, injin ya tsaya.

"Yaya, me kika danna yanzu?"

"Soke mana. Na makarantar 'yan mata na buɗe, alhali na asibiti nake so."

"Kullum haka kike yi?"

"To in zauna ina kallonsa, baki buɗe, kamar wani?"

Na dafe kai. Wallahi tun da na haɗa abin nan ban taɓa danna madannin nan ba. Ni in na buɗe zanen da ba shi ba, sai in jira ya gama buɗuwa, in rufe shi, in buɗe wani. Yini da rabi ina neman ciwo a inda babu shi.

Waɗanda suka yi manhajar kwaikwayon sun bar rubutunta a buɗe ga mai son karantawa. Ina karantawa, amma a hankali, da ƙamus a wayata. Na bi layi layi har na iso wurin. Ashe in ka nemi zane, manhajar takan aiki faifai ya ɗauko, ta tanadi wurin da za a ajiye, ta ci gaba da harkarta. In aka danna soke, nan take sai ta kwashe wurin, ba tare da ta tambaya ko ɗan aiken ya riga ya kamo hanya ba. Shi kuma ya iso da kaya niƙi-niƙi ya sauke a inda babu komai, sai duk gidan ya rufta.

Na yi wa Yaya wannan bayani. Ta ce, "Ni ba tatsuniya na tambaye ka ba. Uku da rabi ta yi."

Layi shida na ƙara: in an soke, a sa wa aiken alama, a jira ɗan aiken ya dawo, a zubar da abin da ya kawo, sannan a kwashe wurin. Na sa kwamfuta ta sake haɗa manhajar. Ta yi minti goma tana aiki, ta ce na manta wata 'yar alama a ƙarshen layi. Yaya ta fita waje ta dawo. Na saka alamar, aka sake daga farko.

Ana cikin haka dillali ya shigo da igiya a kafaɗa, motarsa tana ta huci a bakin titi.

"Hajiya, wannan ne? Sai a cire masa wuta."

"Yaya, don Allah minti biyar."

"Minti biyar ɗinka na sani, yini ne."

Amma ba ta ce a cire ba. Da manhajar ta tashi na ɗaura wani ƙyalle a injin, ya fara ɗinki, na matsa mata.

"Soke. Yadda kika saba."

Ta buɗe zane ta soke. Injin bai tsaya ba. Ta sake. Ta sake, da ƙarfi, kamar madannin ne ya yi mata laifi. Na ƙirga har ashirin da uku. Allura tana ta hawa da sauka abinta.

"Yanzu kuma in na danna sai ya ɗan yi jinkiri," ta ce tana hararata.

"Daƙiƙa biyu ne, Yaya. Yana jiran..."

"Na ji, na ji. Har inji ka koya wa halinka."

Dillali ya gyara murya. "Hajiya, yamma tana yi."

Ta juya ta dube shi kamar yanzu ta fara ganinsa.

"Malam, ka yi haƙuri, na fasa."

Ya naɗe igiyarsa yana gunaguni a kan man da ya ƙona. Kafin ya kai ƙofa ta jefo mini ƙunshin rigunan asibiti a cinya.

"Arba'in ne, gobe da safe za a karɓa. Tashi, ba kallona za ka yi ba."