Rogon Iya Kike

Ba a taɓa ganin Iya Kike a waje babu ɗankwali ba sai ran nan. Ta faɗo gidan Dela a guje, ƙafa ba takalmi, riƙe da kwanon da aka aika mata, ta tarar yara sun kewaye akushi suna wanke hannu. Ba sallama ba komai ta sa ƙafa ta kifar da shi.

Dela ta daskare da ludayi a hannu. A kakar da aka samu 'yancin kai, mata da yawa a Bagudo sun yi girkin nuna gwaninta, amma ita Dela ba ta jira 'yanci ba, kullum cikin yabon hannunta take. Abin alfaharinta ɗaya ne: tun da aka kawo ta, kwanon da take aika wa mijinta Attahiru gona bai taɓa dawowa da saura ba. Maƙwabta sun ji wannan har sun haddace.

Da safen nan Iya Kike, matar telan nan Bayerabe, ta aiko mata da rogon farko na bayan gidanta, wanda mijinta ya samo irinsa daga Dahome. Dela ta fere shi, ta dafa, ta kwaɗa da ƙulin sabuwar gyaɗa da albasa da yaji. Da yake ba a mayar da kwanon maƙwabci haka nan, sai ta cika shi da kwaɗon ta mayar.

"Iya Kike, lahiya? Mi munka yi miki?"

"Wa ya ci? Dela, wa ya ci?" in ji Iya Kike. "Ba irin naku ba ne! Na yin garin rogo ne. Sai an jiƙa shi, an matse, an soya. Haka nan kashe mutum yake yi!"

"Rogo? Rogon da muke ci ɗanye?"

"Ban san ba ki sani ba. A garinmu ko yarinya ta sani."

Dela ta dubi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe bakin ƙaramar ta leƙa. Babu wanda ya kai loma. Har ta fara hamdala sai ludayin ya suɓuce daga hannunta. Kwanon maigida ake fara zubawa, kuma nasa ya tafi gona tun kafin azahar.

Gudun da matan nan biyu suka yi ta hanyar Sharabi, masu yankan dawa sun daɗe suna labarinsa. Dela ba ta ga kowa ba. Abin da ke kai-kawo a ranta shi ne mutumin nan ba ya rage mata abinci. Abin da take taƙama da shi, yau shi ne zai mayar da ita gwauruwa, kuma da hannunta. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Daga nesa ta hango kwanon a gindin tsamiya, an siɗe shi tas. Ta ƙwala kira.

"Malam!"

Attahiru ya ɗago kai daga bayan tsamiyar, da ransa da lafiyarsa, sai dai idanunsa sun yi ja. A gabansa ragonsa ne kwance, wanda ke binsa gona kullum, ragon da duk unguwar ke tambayar sirrin ƙibarsa. Kumfa a bakinsa, ƙafafu sun miƙe.

Iya Kike ta zube ƙasa tana godiya ga Allah da yarenta. Dela ta dubi kwanon, ta dubi ragon, ta sake duban kwanon.

"Shi ka ba?"

"Da ɗaci, Dela. Loma guda na taɓa na tohwar."

Sai yanzu ta lura da kitsen da ya taru a wuyan dabbar, da faɗin bayanta.

"Yau kaɗai?" in ji ta a hankali.

Attahiru ya sunkuya yana kwance igiyar wuyan ragon, kuma ya daɗe ƙwarai yana kwance ta.