Aron Rani

Wata tara Solange da mijinta Firmin suka yi suna gyara filin da Baba Mbairo ya ba su aro a bayan garin Mundu. Cocinsu na Yawunde ne ya turo su yin bishara ta hanyar ƙwallo. Firmin ya tumɓuke kututturai, ita kuma da 'yan matan da take horarwa suka zuba taki amalanke ashirin, don ciyawa ta fito kafin gasar coci-coci.

Washegarin ruwan farko Solange ta tarar da shanun huɗa a tsakiyar filin, Baba Mbairo yana biye da su.

"Baba, saura sati uku gasar."

"'Yata, aron rani na ba ku. Wa ya taɓa riƙe ƙasar aro har damina? Takin kuwa, gyaɗata ta gode."

Firmin ya ce su rubuta wa coci su koma gida. Solange ko kallonsa ba ta yi ba. Ta cire sandar raga ta saɓa a kafaɗa, ta kira kyaftin ɗin 'yan matan.

"Denemaji, tara sauran. Mu koma kan fako, inda ko akuya ba ta kiwo. In ga mai nome shi."